Jar Gafaka Zuwa Kilderi

Panshekara, Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Mu ma muna nan lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har bakin famfo tana takawa. Baba yana nan yana zuwa kamfanin fata a Challawa, tarin nan dai bai sake shi ba.

Ka san ba ni da waya, ka kuma san ni da magana, in mutum uku suka taru bakina rufewa yake yi. Shi ya sa na yago takarda daga tsohon littafina na firamare. Anti Atika, ƙanwar Inna, za ta ɗauki hotonta da wayarta ta tura maka. In ka ba da amsa, za ta kawo mini in karanta idan ta taso daga aiki a Sharaɗa.

Yaya, maganar hoton nan ce. Wani ne ya nuna wa Baba a wurin aiki, lokacin hutun azahar, a gaban mutane. Ga ka nan a durƙushe a gindin wani dogon gicciye na dutse, ba hula, kanka a sunkuye. Baba ya dawo ranar ko tuwo bai taɓa ba. Ya ce duk wanda ya sake ambaton sunanka a gidan nan ya tattara ya bi ka. Abin da ya sa ba ya ɗaga kiranka ke nan. Wayarsa lafiyarta ƙalau, Inna ce ta sa aka ce maka ta lalace.

Ni ban yarda a binne mutum da ransa saboda hoto ba. Amma ina tambayarka, kuma kada ka yi mini irin amsar da kake yi mini ina ƙarama: me kake yi a gindin dutsen nan?

Ƙanwarka,
Shifa'u

*

Kilderi, Ayaland
Ranar Asabar

Ƙanwata Shifa'u,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta na maimaita. Ina lafiya, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Ki ce wa Inna Allah ya ƙara sauƙi. Tarin Baba kuma, ku matsa masa ya riƙa sa takunkumi a wurin aiki.

Ciyawa nake cira, Shifa'u. Wallahi ciyawa.

Bari in nuna miki wurin. Kilderi ƙauye ne a nan Turai da bai kai unguwarmu ba: titi ɗaya, kanti ɗaya, tumaki sun fi mutane yawa. Yana kan tudu. Ƙasa da shi kogi ne, bayan kogin kuma wata fadama mai baƙar laka, wadda suke yanka kamar tubali su shanya su hura wuta da ita. Ni ina aiki a mayankar da ke garin gaba, sashen fatu. Ki yi dariya, na guje wa warin jima a gida na zo na tarar yana jirana.

Ina haya a gidan wata tsohuwa mai suna Bridi. Da na kwanta ciwo a sanyin bara ita ta yi jinyata. Ta ware mini tukunya tawa ni kaɗai don kada naman alade ya taɓa ta. Ita ce mai riƙe da makullin tsohuwar makabartarsu, kuma duk shekara mutanen ƙauyen kan yi gayya su share ta. Kabarin mijinta yana gindin gicciyen nan, gwiwarta kuma ba ta lanƙwasuwa. Na durƙusa na cire mata ciyawar. Hula kuwa, iskar wurin ba ta barin hula a kan kowa.

Sun ce shekaru sama da dubu da suka wuce wani malaminsu mai zuhudu ya zo ya kafa bukka a nan, lokacin duk kurmi ne. Sunan ƙauyen ma a harshensu yana nufin cocin kurmi. Ɗalibai suka taru gunsa, wuri ya zama makaranta. Yanzu saura kangon cocin ba rufi, da gicciyen, da wata siririyar hasumiya wadda ƙofarta take can sama, sai da tsani. Bridi ta ce in mahara suka hauro ta kogi, can ake gudu a janye tsanin. Akwai kuma wata rijiya da suke ɗaura tsummoki a bishiyar gefenta. Ban taɓa ɗaurawa ba. Sallata ina yi, Juma'a kuma muna haɗuwa da 'yan Sudan da 'yan Pakistan a garin gaba.

Matar nan ta zame mini uwa a nan, ba zan iya tsayawa ina kallonta tana kokawa da ciyawa ba. Kada ki ce wa Baba komai. Ki bari ya huce.

Yayanki,
Muhyiddeen

*

Panshekara
Ranar Talata

Yaya,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Damina ta kankama, layinmu ya zama taɓo, masu adaidaita ba sa shigowa.

Na karanta wa Inna takardarka. Tana ta murmushi a wurin tumaki da hula, sai na zo inda ka ce matar ta zame maka uwa. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta tashi ta shiga ɗaki, da ta fito idonta ja. Ta ce ashe har an maye gurbinta. Ni na san ba haka kake nufi ba, amma kai ka rubuta, kai za ka gyara.

Ka ce kada in gaya wa Baba. Na gaya masa.

Na kai masa buta zai yi alwalar magariba. Na ajiye butar na ƙi tafiya. Na ce, "Baba, ciyawa yake cira."

Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Yaya Muhyiddeen."

Inna tana bakin murhu ta daina motsi. Baba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na zaci zai ce in tattara in bi ka. Sai ya ce, "Ciyawar makabartar garin nan ta ƙare ne?" Ya ce gwiwar da ta saba durƙusa a wuri don ciyawa, wata rana za ta durƙusa don wani abu. Ya yi alwalarsa ya fita.

Na ji haushinsa, amma kai ma na ji haushinka. Yaushe ka taɓa zuwa ka cire ko tsinke ɗaya a kabarin Kaka? Shi da ya goya ka a kekensa zuwa Majema?

Duk da haka yanzu ina kiran sunanka a fili. In Inna ta ce wa zai ci ƙanzo, sai in ce da Yaya Muhyiddeen yana nan da ya cinye. Baba yana ji, ba ya tankawa.

Ka ƙara ba ni labarin mutanen hasumiyar. Me suke yi duk yini a cikin kurmi? Me suke gudu da shi sama in mahara sun zo?

Shifa'u

*

Kilderi
Ranar Lahadi

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, amma maganarki ta kabarin Kaka ta zauna mini a wuya, don gaskiya ce. Ki durƙusa gaban Inna a madadina ki ce mata uwa ɗaya gare ni, wadda ke ajiye mini ƙanzo. Mai jinya daban, mahaifiya daban.

Kin tambayi abin da suke gudu da shi. Littattafai ne. Aikinsu ke nan, rubutu. Ba su da takarda, a kan fatar ɗan maraƙi suke yi. Su jiƙa ta a ruwan farar ƙasa, su kankare gashin, su ɗaure ta a katako ta miƙe, su yi ta karta har ta yi laushi. Tawada kuma daga wata bishiyar kurmin suke samu. Da Bridi take ba ni labari sai na ji kamar Kaka ne yake magana. In sun gama littafi sai su ɗinka masa jakar fata mai marfi da maratayi, su rataye a turke jikin bango.

Ƙauyen nan yana da littafi guda irin wannan. An tsince shi a cikin baƙar lakar fadama, ana jin wani ne ya ɓoye shi bai samu dawowa ba. Yanzu yana Dablin, babban birninsu, a cikin gilashi. Jakar ta ruɓe, sai guntun marfi da ɗan maratayi. A tsohuwar makarantar ƙauyen sun ware ɗaki na tarihi, da turke a bango ba komai a kai. Burin Bridi ta ga an rataya irin jakar a wurin kafin ranar bikin ƙauyensu. Ta ce shekarunta sun yi nisa, ba ta son ta bar turken haka.

Ta nuna mini zanen jakar. Shifa'u, gafakar Kaka ce. Marfin, maratayin, har yadda aka naɗe bakin. Ga hoton zanen nan da na guntun, ki gani da idonki.

Na ce mata gidanmu gidan dukawa ne. Na samo fata na gwada, abin da ya fito ko kare ba zai ɗauka ba. Ranar da Kaka yake koya mini riƙon basilla ina can filin ƙwallo. Na yi niyyar roƙon Baba, sai hoton nan ya riga ni. Yanzu magana ta mutu. Na ba ki labari ne kawai don kin tambaya.

Muhyiddeen

*

Kilderi
Ranar Alhamis

Shifa'u,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ina nan.

Wata ya wuce, wani ya kama, ban ji daga gare ki ba. Wayar Anti Atika ba ta shiga. Na gane. Maganar gafaka ce ta yi yawa, kin ga kamar ina so in ɗauki abin Kaka in miƙa wa coci. Ko kuma Baba ya kama takardun ya hana ki. In hakan ne, ki yi masa biyayya, kada ki jawo wa kanki saboda ni.

Na fasa zuwa gida a hutun da na ce. Ba zan zo in tsaya a ƙofar gida kamar mai tallan gawayi ba. Ba sai kin ba da amsa ba.

Muhyiddeen

*

Panshekara
Ranar Juma'a

Yaya,

Muna lafiya, kuma ba don halinka ba. Wayar Anti Atika ce ta faɗa kwata ranar wani babban ruwa, tana tsallakawa za ta hau motar ma'aikata. Ta daɗe a wurin mai gyara. Jiya aka kunna ta, takardarka ta ƙarshe ta faɗo. Na karanta na ji kamar in yaga wayar, don dai ba a yaga waya. Ni ina nan ina huda yatsuna saboda kai, kai kana can kana yanke mini hukunci. Kai da Baba duk ɗaya kuke. Shi ya ga hoto ya gama magana, kai ka ji shiru ka gama magana.

Takardarka ta gafaka ta iso kafin wayar ta faɗa, na kwafi zanen a littafina. Na yi alwala na sauko da gafakar Kaka, na duba ta ciki da waje ba tare da na fitar da Alƙur'anin ba, na mayar. Na buɗe adakarsa. Basillarsa tana nan, da wuƙar yanka, da wata jar fatar akuya da ya rina da karan dafi bai kai ga aiki da ita ba. Kai kana filin ƙwallo, ni ina zaune a gefensa ina miƙa masa zare. Ba wanda ya koya mini, ba kuma wanda ya kore ni.

Ban ɓuya a ɗaki ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai inda Baba yake jingine kekensa. Ya dawo daga aiki ya tarar da ni. Ya tambayi abin da nake yi da kayan mahaifinsa, na gaya masa duka: tsohuwar, turken, littafin da ke cikin gilashi.

Ya ce ba za a ɗinka wa littafin Nasara riga a gidansa ba.

Na ce, "Baba, fatun da kuke jemewa a kamfani ina ake kai su?"

Ya ce Turai.

Na ce, "Kun taɓa tambayar abin da suke rufewa da su?"

Inna ta kira sunana a hankali, irin kiran da ke nufin ki rufe baki. Baba ya ce wancan aikin inji ne, ba a san hannun kowa a ciki ba, wannan kuwa hannun gidanmu ne. Na ce shi ya sa. Matar ta yi jinyar ɗan gidan nan, ta ware masa tukunya don addininsa, me gidan nan ya aika mata? Ya ce in mayar da kayan adaka. Na ce, "Ku yi haƙuri, Baba. In kun karɓe da hannunku ba zan riƙe ba. Amma ni ba zan mayar ba."

Bai karɓa ba. Bai kuma yi mini magana ba tun ranar. Ina gaishe shi, yana amsawa da kai.

Na gama jikin, saura marfi da maratayi. Maganar ka fasa zuwa gida kuma, ban karanta wa Inna ba, ba zan karanta ba. Ka janye ta.

Shifa'u

*

Kilderi
Ranar Asabar

Ƙanwata,

Na janye. Ki yafe mini. Ina lafiya, sai kunya.

Amma ki dakata da aikin nan. Ya isa a ce mutum ɗaya Baba ya daina yi wa magana. Turken ya daɗe ba komai a kai, zai iya ƙara jira. Kuma ban gaya miki ba, ta asalin baƙa ce, ta fatar saniya mai kauri. Ban san ko ja za ta yi musu ba. Na gaya wa Bridi abin da kike yi, sai ta tambayi shekarunki. Da na ce sha huɗu sai ta ce in gaya miki kada ki ɓata da mahaifinki saboda tsohuwar da ba ki taɓa gani ba.

Muhyiddeen

*

Panshekara
Ranar Litinin

Yaya Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta ce ta ji saƙonka, ta haƙura, amma ka aiko da hoton tukunyar ta gani ko ana wanke ta da kyau. Tarin Baba ya ragu.

Ban dakata ba. Kuma ja ce, ja za ta tafi. Ba ta mutumin fadama nake ɗinkawa ba, tasa ta ruɓe, Allah bai ba ni ikon dawo da ita ba. Ta gidanmu ce. In suna so su rataya, in ba sa so ka sa Alƙur'aninka a ciki. Ka gaishe da Bridi, ka ce mata ba saboda ita kaɗai ba ne.

Jiya Lahadi Baba ba aiki. Yana zaune a kujerarsa da rediyo, ni ina kan tabarma ina kafa maratayi. Na ɗora shi a gefen bakin jakar ina ɗinkewa. Ina jin idonsa a kaina. Ya ƙara muryar rediyo, ya rage, ya gyara zama. Can sai ya kashe ta gaba ɗaya.

Ya ce, "Wa ya ce miki haka ake kafa maratayi?"

Na ce, "Ba wanda ya ce mini komai, Baba."

Ya miƙo hannu. Na zaci karɓewar ce ta zo, na miƙa masa kamar yadda na yi alkawari. Sai ya zauna a tabarmar, ya sa wuƙa ya warware duk abin da na yini ina yi. Ya ce in aka rataya wannan da nauyi a ciki, kafin shekara ya yage. Dole maratayi ya zagayo ta ƙarƙashi ya ɗauki jakar kamar goyo. Ya ce in ba shi zanen. Na ba shi littafina, Anti Atika kuma tana nan ta nuna masa hoton guntun fatar a waya. Ya matso da ita kusa da ido ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan mutumin ya iya. Ta ciki ya juya ɗinkin saboda ruwa." Ya tambaye ni da me suke jima a can tunda ba su da bagaruwa. Na ce ban sani ba.

Bai ce ya yarda da komai ba, kada ka ɗauka haka. Ya ce shi maratayi kawai ya gyara, don kada a ce daga gidan mahaifinsa Alhassan baduku abu ya fita a karkace. Maganar durƙuso kuma ya ce tana nan, da bakinka yake so ya ji ta. Amma har aka kira la'asar yana ɗinki ina miƙa masa zare. Da ya gama ya sa hannu ya auna nauyinta, ya murza fatar, ya ce wannan fatar ƙasar rana ce, in ta je inda ruwa ba ya ɗaukewa za ta yi fumfuna in ba a san yadda ake shafa mata mai ba.

Na ce ya faɗa mini in rubuta maka.

Ya ce, "Ba a rubuta wannan. Ki ce wa Muhyiddeen ya kira ni in nuna masa."

Ludayin da ke hannun Inna ya faɗi cikin miya. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya tashi ya tafi masallaci.

To ka ji. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwar Nassarawa, ƙawar Anti Atika, da za ta koma Dablin ƙarshen wata, ta ce za ta riƙe maka. Amma gafakar tana rataye a ɗakin Baba kusa da ta Kaka, kuma ba zan sauko da ita ba sai ka kira. Na gaji da zama gada kuna bi ta kaina. Ka kira shi ranar Lahadi bayan la'asar, ka tambayo abin da suke jima da shi kafin nan. Ka sa hula, ka riƙe ta da hannu in iska ta taso.

Basillar Kaka kuma tana wurina. Baba ya ga na sa ta a jakata, bai ce in mayar ba.

Ƙanwarka,
Shifa'u